Zanen Tukwane da Gumakan Yumɓu na Ƙasar Kwatarkwashi

Tarihin ƙasar Hausa, kamar yadda aka saba karantar da shi a makarantu, ya tsaya ne bisa ƙafa biyu, watau rubuce-rubucen malamai da labaran da ake ji daga bakin dattawa da makaɗan fada. Dukkansu biyu kuwa suna da iyaka. Rubutun da ya fi tsufa a hannu bai wuce 'yan ɗaruruwan shekaru ba, labarin baka kuma, komai ƙarfin hadda, idan ya yi nisa sai ya koma jerin sunayen sarakuna. Abin da ya gabaci wannan, sai dai a tambayi ƙasa. Daga cikin abubuwan da ƙasa take ajiyewa babu mai yawa da daɗewa kamar gasasshen yumɓu. Ƙwarya takan ruɓe, gara takan cinye akushi, ƙarfe yakan yi tsatsa ya marmashe, amma tsingaron tukunya yana iya kwana shekara 3,000 a ƙarƙashin gona, zanen da magini ya yi masa yana nan raɗau.

Wannan lacca ta shafi irin wannan zane ne a yankin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, cikin Jihar Zamfara. Tambayar da za a bi ita ce: shin zanen jikin tsohuwar tukunya yana karantuwa? Idan kuwa yana karantuwa, da wane sharaɗi? Za a leƙa ƙasashen Amurka na zamanin da Kolumbus bai je can ba tukuna, domin a can ne masana suka fi yin nisa wajen amsa wannan tambaya.

Ƙasar da ake magana a kanta

Hanyar da ta taso daga Funtuwa zuwa Gusau tana ratsa Tsafe, ta bi ta kusa da 'Yandoto, sa'an nan ta wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi, wanda yake cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. Gusau ba ta da tsufa sosai, duk da ita ce babban birnin jiha tun 1996, domin Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa ta a zamanin jihadi. 'Yandoto ta riga ta da nisa ƙwarai. Gari ne na malamai da fatake, labarin baka na Katsina ma yana cewa daga can Korau ya fito, wanda ya kayar da Sanau ya hau gadon sarauta. Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi wajen 1806. Kafin jihadi duk wannan yanki yana cikin ƙasar Katsina ne, shi ya sa har yau ake kiran Sarkin Gusau da Sarkin Katsina, na Tsafe kuma 'Yandoto.

Kwatarkwashi kuwa da wani abu dabam aka san ta. Masana tarihin Katsina suna ambaton dutsenta a matsayin babbar cibiyar bautar iskoki, mazaunin Magiro, wanda Maguzawa suke girmamawa. Ba abin mamaki ba ne mutanen da su zaɓi irin wannan wuri. Dutse yana ba da mafaka ranar hari, ruwa yana taruwa a kogunansa, ƙasar gindinsa kuma tana da albarka. Haka al'amarin yake a Dala ta Kano da Turunku da Kufena a ƙasar Zazzau.

Yadda tukunya take samun zane

Kafin a nemi ma'anar zane ya kamata a san yadda ake yinsa. Magina a ƙasar Hausa, maza da mata, ba su amfani da injin juyi. Wata hanya sananniya ita ce a kife tsohuwar tukunya, a barbaɗa mata toka, a shimfiɗa yumɓu a kanta a bubbuga har ya ɗauki siffar gindinta, idan ya sha iska a cire, a ɗora masa wuya da baki. Wani Bature mai suna Nicholson ya rubuta bayanin aikin magina na Sakkwato, Adarawa da Zoromawa, tun a 1929. Zane yana zuwa ne yumɓu yana ɗanye. Akan karce shi da tsinke, ko a danna masa haƙoran wani abu mai kama da mataji, ko a murɗa 'yar igiya a mirgina ta da tafin hannu a kafaɗar tukunyar, ta bar sawu layi-layi. Akan kuma shafa jar ƙasa a goge da dutse mai santsi ko jerin 'ya'yan kuka har ta yi sheƙi, bayan gashi kuma a yayyafa makuba tun tukunyar tana da zafi.

Wani zanen amfaninsa a fili yake. Tulun da gindinsa yake da kaushi ba ya suɓucewa daga hannu a bakin rijiya. Amma amfani bai isa ya bayyana kome da kome ba, domin babu abin da jerin kusurwoyi a wuyan randa yake ƙara wa sanyin ruwa.

A nan harshen Hausa kansa yana da abin cewa. Tukunya tana da baki, tana da wuya, da ciki, da gindi, wata ma har da kunnuwa. Kalmar zane kuma ita ce dai ake amfani da ita ga tsagar fuska wadda take bambanta Bazamfare da Bagobiri da Bakatsine. A 1988 wasu masana uku, Nicholas David da Judy Sterner da Kodzo Gavua, sun buga sakamakon binciken da suka yi a tsakanin Mafa da Bulahay na duwatsun Mandara a Kamaru, inda suka nuna cewa mutanen can suna ɗaukar tukunya kamar mutum, suna yi mata ado a wuraren da ake yi wa jikin mutum, kuma don dalili iri ɗaya, watau kariya da nuna asali. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi, amma fa a lura da inda ƙarfinsa ya fito: sun sami maginan da ransu, sun tambaye su. Haka nan ƙadangaru da kunamu da kifayen da Ladi Kwali take zanawa a tukwanenta, an san daga al'adar Gwari suka fito domin an gan ta tana yi, an kuma san garinsu. Mai tsingaro na shekara 2,000 a hannu ba shi da wanda zai tambaya.

Ko da mai zanen yana raye ma, sunan zane dabam, ma'anarsa dabam. Maɗinkin da yake yi wa babbar riga aska takwas ya san sunan, amma ba lalle ne yana nufin wani abu game da aska ba. Dagin da ake gani a bangon soro da jikin riga ya zama alamar Arewa ne a zamanin siyasar Sardauna, alhali kuwa ya daɗe yana nan kafin a ɗora masa wannan nauyi.

Abin da ya faru a Peru da Gwatemala

A gaɓar tekun arewacin Peru an yi wata al'umma da masana suke kira Moche, wadda ta yi zamani daga wajen shekara ta 100 zuwa 800 Miladiyya. Ba su da rubutu, amma sun bar dubban butoci na yumɓu masu zanen ja a kan fari, na mayaƙa da fursunoni da dabbobi da wasu halittu rabi mutum rabi tsuntsu. Yawancin butocin nan maharan kaburbura ne suka fito da su. Akwai wani zane da yake maimaituwa: ana yanka fursunoni, ana miƙa ƙoƙo ga wani mai doguwar hula da wani ado mai siffar jinjirin wata, a gefensa ga mai kan tsuntsu, ga kuma wata mace. Christopher Donnan ya tattara hotunan irin wannan zane ya rarrabe mutanen cikinsa ɗaya bayan ɗaya, amma shekara da shekaru ba wanda ya iya yanke hukunci ko tatsuniyar alloli ce ko kuwa abu ne da aka yi da gaske.

A farkon 1987 ɓarayi suka fasa wani kabari a Sipan, suka yi rikici wajen rabo, labari ya kai ga 'yan sanda. Aka kira Walter Alva, shugaban wani gidan kayan tarihi da ke kusa, ya tsare wurin, ya shiga tono a tsanake. Sai ga kabarin wani basarake ba a taɓa shi ba, da ado irin na mai karɓar ƙoƙon nan, kowane abu a inda aka ajiye shi a jikinsa. A 1991 kuma, a San Jose de Moro, aka tono kabarin wata mace da hula irin ta macen zanen, ga ƙoƙon a tare da ita. Ashe zanen ba tatsuniya ba ne kawai, hoton biki ne da mutane masu jini a jika suke yi. Butoci dubu da ke cikin gidajen attajirai ba su warware wannan ba. Kaburbura biyu da aka tona bisa ƙa'ida su suka warware.

Mutanen Maya kuwa suna da rubutu, sun kuma yi shi a bakin kofunansu. A 1984 an sami wani kabari na ƙarni na 5 a Rio Azul, cikin Gwatemala, da wata tukunya mai murfi. David Stuart ya karanta wata alama a jikinta ya ce sunan koko ne, watau 'ya'yan itacen nan da ake nomawa a ƙasar Yarbawa ana yin cakulan da su. Da aka kai busasshen abin da ya saura a cikinta ɗakin gwaji, sai aka tarar da sinadaran koko. Da a ce ɗan kasuwa ya fara samunta, da ya wanke ta tas don ta yi kyan gani, shaidar ta bi ruwa.

Gumakan da aka laƙaba wa sunan Sakkwato

An fara sanin gumakan yumɓu na Nok tun 1928, a wajen haƙar kuza, sa'an nan Bernard Fagg ya gane muhimmancinsu a shekarun 1940. A 'Yawuri ma, lokacin da ake gaggawar ceto kayan tarihi kafin ruwan madatsar Kainji ya rufe su a shekarun 1960, an tono ƙananan gumaka a kusa da Yelwa. Amma a shekarun 1990 sai wasu irin gumaka dabam suka fara bayyana a shagunan dillalai na Faris da Burasels. Waɗansu suna da gira mai nauyi wadda ta rufo idanu, da gemu, da fuska a murtuke, ba su da yawan ado kamar na Nok. Dillalai suka sa musu suna Sakkwato. Waɗansu kuma mutum ne zaune a kan murfin wata kewayayyiyar tukunya, hannuwa bisa gwiwa. Waɗannan aka ce musu Katsina.

Sunayen nan na kasuwa ne, ba su nuna gari ko gona ko rami. A lokacin da haƙar ta kankama Zamfara tana cikin Jihar Sakkwato, saboda haka abin da aka tono a ƙasar Bunguɗu ko Tsafe zai iya fita da sunan Sakkwato ba tare da an yi ƙarya ba, ba kuma tare da an faɗi wani abu mai amfani ba. Wanda ya fito da sunan Kwatarkwashi fili a wannan batu shi ne Patrick Darling, a wata maƙala da ya buga a 2000, inda ya haɗa ta da Nok a matsayin wurare biyu da aka yi wa wasoso. Zamanin kuwa na tsananin talauci ne, darajar naira ta faɗi tun bayan 1986, manomi yana iya samun abin da ya fi amfanin gonarsa daga kan gunki ɗaya. Ba a kansa babban laifin yake ba. Wanda ya ba shi ɗan abin da ya ba shi ya san ninki nawa zai samu a Turai.

Dillalai sukan haɗa kowane gunki da takardar gwaji mai nuna shekarunsa, yawanci wajen 2,000 ko fiye. Gwajin nan yana auna hasken da ɗan garin yumɓu yake fitarwa idan aka zafafa shi, daga nan a ƙiyasta yaushe rabonsa da wuta. Hanya ce ta ilmi, amma abu ɗaya kurum take faɗa. Ba ta faɗin inda aka sami abin, ko a kabari ne, ko a ɗaki, ko a juji. A tsaye yake ko a kife. Shi kaɗai ne ko da 'yan'uwansa. Masu jabu ma sun gano cewa idan aka harhaɗa tsofaffin gutsattsari aka yi sabon gunki da su, gwajin zai ce tsoho ne.

To, ga mutum zaune bisa tukunya. Me yake nufi? Mai gadin abin da ke ciki ne, ko hoton mamacin da aka binne, ko kaka ne da ake kai wa hadaya? Kowace amsa tana da kyau a kunne, kuma da an san abin da ke cikin tukunyar ranar da aka ɗaga ta, da an zubar da biyu an riƙe ɗaya. Akwai kuma jarabar da ya kamata ɗalibi ya guje mata, watau ya ce tun da Kwatarkwashi gidan Magiro ce, gumakan nan na Magiro ne. Idan shekarun da aka ba su daidai ne, tsakaninsu da labarin Magiro mafi tsufa akwai fiye da shekara 1,000. A cikin irin wannan tsawon zamani harshe yakan sauya, jama'a su tashi wasu su zo. Zama a gindin dutse ɗaya ba ya zama hujjar addini ɗaya.

Labarin ya kai har fadar shugabannin ƙasa. A watan Afrilu na 2000 aka buɗe wani sashe a gidan tarihi na Louvre a Faris, a cikin kayan da aka baje har da gumaka biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga wani dillali a Beljiyam. A daidai wannan lokaci Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ta hana saye, gumakan Nok da Sakkwato da Katsina suna ciki. Dokar Nijeriya kuwa, tun ta 1953 har zuwa Doka ta 77 ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da irinsu ba da izini ba. Bayan ce-ce-ku-ce mai yawa, a 2002 Faransa ta amince cewa gumakan mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wanda ake iya sabuntawa. An daidaita maganar mallaka ke nan. Ramin da suka fito kuwa babu yarjejeniyar da za ta mayar da shi yadda yake.

Abin da mahaƙa suka bari

Mai neman gunki ba ya ɗaukar tsingaro, domin ba mai saye. Wannan ita ce 'yar sa'ar da ta rage. Aikin da masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a ƙasar Nok a 2005, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, ya nuna abin da tsingaro zai iya yi. Gabriele Franke ta jera dubban gutsattsari bisa ga zanensu da shekarun gawayin da aka samu tare da su, sai ya bayyana cewa al'ummar Nok ta fara tun wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗaruruwan shekaru kafin su fara yin gumaka ko narka tama. Zanen farko layuka ne ƙanana masu laushi, daga baya ya koma ɗamara guda a tsakanin zurfafan layuka biyu, sa'an nan bayan ƙarewar Nok aka shiga yayin zanen mirginawa. An kuma gano cewa da gangan ake farfasa gumakan a binne su, sau da yawa kusa da wuraren da ake ganin kaburbura ne. A 2021 gwajin maiƙon da ya shige jikin tukwanen ya nuna alamar kakin zuma a da yawa daga cikinsu, shaidar cin zuma mafi tsufa da aka samu a Afirka ta Yamma.

Akwai ma wani zane guda wanda ya haɗa ƙasar Hausa da Amurka kai tsaye. Magina sukan mirgina totuwar masara a jikin tukunya. Masara kuwa 'yar asalin Meziko ce, ba ta ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. An taɓa yin gardama a kan wannan, lokacin da Jeffreys ya kafa hujja da wasu tsingaro na Ile-Ife ya ce masara ta riga Kolumbus zuwa Afirka, Frank Willett kuma ya ba shi amsa a 1962 cewa hujjar ba ta tsaya ba. Saboda haka duk inda aka tabbatar da sawun totuwa, tukunyar ba ta kai shekara 550 ba. Sai dai tabbatarwar tana son ido, domin sawun wata igiyar da aka ƙulla yakan yi kama da shi ƙwarai.

Amfanin wannan ga yankin da ake magana a kansa a fili yake. A kufan 'Yandoto, wadda aka san shekarar da aka ci ta, rami guda da aka tona hawa-hawa zai nuna zanen da ake yayi a farkon ƙarni na 19 a sama, da inda sawun masara ya ƙare, da abin da ke ƙarƙashinsa. Idan aka sami wannan ma'auni, sai a ɗauke shi a gwada da tsingaron gindin dutsen Kwatarkwashi, a ga ko zanen ya ci gaba ba yankewa tun daga zamanin gumaka, ko kuwa akwai tsaiko a tsakani. Wannan ne kaɗai zai ba da damar a yi maganar dangantakar masu gumakan da Hausawan da suka zo baya. An yi irin wannan aiki a Kufan Kanawa kusa da Damagaram, inda Anne Haour ta yi tono, da kuma Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina. Sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello yana da ma'aikatan da za su iya, Gusau ma ta sami jami'ar tarayya tun 2013. Abin da ya fi tsaya wa aikin a gaba shi ne rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu tun shekarun 2010, wanda ya hana manomi kansa zuwa gona, balle mai awon rami da ɗalibansa.